SANDA MAI KAI WA LIKITA RAHOTO

 Yau da izininku za mu ɗan jingine zancen soyayya da kitso da girki, mu leƙa wani ɗaki da ba a cika son maganarsa ba, wato ɗakin jinya. Dalili kuwa, duk gidan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya shiga, a cikin garin Tambuwal ne ko Dogon Daji ko Sanyinna ko can Kebbe da Kuchi, in kika duba da kyau za ki tarar maza su ne masu ɗaukar mara lafiya zuwa asibiti da biyan kuɗin magani, amma da zarar an dawo gida, tayarwa da kwantarwa da ba da abinci da wankin shimfiɗa duk a wuyan mace suke sauka. Sau da yawa ma macen yarinya ce 'yar aji uku ko huɗu a sakandare, ko amaryar da lallen bikinta bai gama fita ba aka ce ga surukarta nan ta riƙe.

To akwai wani abu guda da ke faruwa a irin waɗannan gidaje wanda kowa yake gani amma ba mai tankawa. An sallamo Baba daga asibiti, an ce a saya masa sanda ya riƙa dogarawa yana koyon tafiya. An saya. Kwana uku na farko ana ta ɗoki, 'yan dubiya suna cewa ai jiki ya yi kyau. Kafin sati biyu sai ki ga sandar nan jingine a bayan ƙofa an rataya mata hula, in ma yara ba su mayar da ita dokin wasa ba. Ranar komawa asibiti sai a ɗauko ta a kakkaɓe ƙura, likita ya tambaya, "Baba, ana dai taka ƙafar ko?" Baba ya ce, "Alhamdu lillahi, muna taɓawa." Ke da kika san gaskiyar magana kina tsaye kin sunkuyar da kai, don ba tarbiyya ba ce ki ƙaryata mahaifinki a gaban baƙo.

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba, har a Turai likitoci suna fama da ita. Ita ce ma ta sa masu bincike suka ƙirƙiro wasu 'yan ƙananan na'urori da ake ɗaura wa mara lafiya a jiki, ko a maƙala su a jikin sandar, su riƙa ƙirga duk motsin da aka yi su kai wa likita labari ba ƙari ba ragi. Labarinsu zan ba ku yau, tare da abin da mu da ba mu da su a hannu za mu iya tsinta a ciki.

CIWON DA KANSA

Kafin mu je ga na'ura bari mu fara sanin ciwon. A ƙauyukanmu da mutum ya yanke jiki ya faɗi, baki ya karkace, hannu da ƙafa suka saki, sai ki ji an ce iska ce ta buge shi a makewayi, ko kuma jifa aka yi masa. Abin da likitoci suka tabbatar shi ne ciwon a ƙwaƙwalwa yake. Ko dai wata jijiya mai kai mata jini ta toshe, ko kuma ta fashe jini ya malala, sai wurin da ya rasa jinin ya lalace. Ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa shi ke tafiyar da ɓarin jiki na hagu, na hagu kuma shi ke tafiyar da na dama, shi ya sa ciwon kan kama rabin mutum ya bar rabi.

An yi wani babban bincike mai suna SIREN a asibitocin Nijeriya da Ghana, har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan yana cikin jagororinsa, aka fitar da sakamakon a 2018. An duba masu wannan ciwo su 2,118, aka tarar kashi 68 cikin 100 toshewar jijiya ce, kashi 32 kuma fashewa, sannan babban mai laifin da ya fi kowa hannu a ciki shi ne hawan jini. Ƙungiyar yaƙi da wannan ciwo ta duniya kuwa, wadda ke tunawa da shi duk ranar 29 ga Oktoba, ta ce mutum 1 cikin kowane 4 da suka haura shekara 25 zai gamu da shi a rayuwarsa. Kada ki ɗauka na tsofaffi ne kaɗai, yana kama mai ciki ko mai jegon da jininta ya hau, yana kama yaro mai sikila.

Don haka ki riƙe alamomi uku a kanki: fuska ta karkace, hannu ko ƙafa ya saki, magana ta sarƙe. Da kin ga ɗaya a ciki sai asibiti nan take, ba a jira gari ya waye. Kuma don Allah kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo ko kunu, domin haɗiya kan gagara, abin ya bi ta huhu ya zama wani ciwon na daban.

ME SANDA TAKE YI MASA?

Wani abin mamaki game da ƙwaƙwalwa shi ne tana iya koyon sabuwar hanya. Kin ga yadda in ruwan damina ya cinye hanyar gona, masu wucewa kan fitar da wata 'yar turba ta gefe da yawan bi yau da gobe? To haka take yi. Duk takun da mara lafiya ya yi da ƙafar da ta mutu, yana tattake sabuwar turba ne a cikin kansa, kuma an fi samun wannan sauƙi a cikin wata 3 zuwa 6 na farko. Wanda ya kwashe waɗannan watanni a kan tabarma, gaɓoɓinsa kan sandare, naman ƙafa ya zube, bayansa ya yi gyambon kwanciya.

A ɗaya gefen kuma ga haɗarin faɗuwa. A 1995 wasu masu bincike a garin Biradfod na Ingila sun bi sawun tsofaffi 108 da aka sallama bayan wannan ciwo, suka tarar 79 daga cikinsu sun faɗi a cikin wata 6 da komawarsu gida. Faɗuwar kuwa yawanci ta ɓarin da ya mutu ake yin ta, wani ya samu karayar ƙugu, wani kuma ko bai karye ba tsoro ya shige shi, daga ranar ya ce shi da tashi har abada. Kin ga ke nan gaba kura baya sayaki, zama ciwo, tafiya ba madogara ciwo. Sanda ita ce ke raba wannan gardama.

Kala-kala ce kuma. Akwai kwagiri mai ƙafa ɗaya, akwai sanda mai 'yan ƙafafu huɗu a gindi wadda ke tsayawa da kanta, akwai ƙarfen nan mai kama da kujera da ake riƙewa da hannu biyu ana turawa gaba. Zaɓen wadda ta dace aikin likitan motsa gaɓoɓi ne, wanda muka fi sani da likitan gashi ko fisiyo, domin misali wanda hannunsa ɗaya ba ya riƙo ba zai ji daɗin ƙarfen hannu biyu ba.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Mutumin Tambuwal in aka tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar kusan kilomita 100 ce a gabansa, na Kebbe kuwa tasa ta fi haka, ga kuɗin motar mutum biyu ko uku tunda mara lafiya ba ya tafiya shi kaɗai. A ce ma an daure ana zuwa sau ɗaya a wata, likita ya gan shi na awa guda. Wata mai kwana 30 awa 720 gare shi, saura 719 duk a gida ake yin su, inda idon likita ba ya kaiwa. A cikin awar nan guda kuwa mara lafiya kan cije ya yi ta maza, ya taka tsaf don kada a raina shi. Abin da mutum zai iya a gaban likita daban, abin da yake yi a tsakar gidansa daban.

YADDA NA'URAR KE AIKI

'Yar uwa in kina da babbar waya, kin lura in kika kwantar da ita hoton kan juya da kansa? To akwai wani ɗan mitsitsin abu a cikinta mai jin motsi, shi ne ke gane an karkata ta. Irinsa aka ɗauka aka sa a cikin 'yar na'urar da ba ta wuce kwalin ashana ba, wata ma ba ta kai ba. Tana auna motsi gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa, sau gommai a cikin daƙiƙa guda, tana adanawa dare da rana har na kwanaki.

Akwai wadda ake kira StepWatch, 'yar Amurka, a idon sawu ake ɗaura ta kamar munduwar ƙafa tana ƙirga taku. Akwai activPAL da ake yi a Gilasgo ta ƙasar Sikotilan, ita a cinya ake manna ta, tana bambance lokacin da mutum yake zaune ko kwance, da lokacin da yake tsaye, da lokacin da yake tafiya. Akwai kuma masu kama da agogon hannu irin su Fitbit, sannan tun 2018 agogon kamfanin Apple ya fara gane in mai shi ya faɗi har ya kira masa taimako.

Dabarar gane ko ana amfani da sanda kuwa mai sauƙin fahimta ce. Sai a ɗaura na'ura ɗaya a jikin mara lafiya, ɗaya a jikin sandar, kwamfuta ta gwama labarin su biyun. In ƙafa tana motsi sanda ma tana motsi tare da ita, to an yi tafiya da sanda. In ƙafa tana tafiya sanda tana shiru, an yi tafiyar kasada ke nan, ana dafa bango ko kafaɗar jika. In sanda tana ta tsalle-tsalle ƙafa tana hutawa, to yara ne suka samu doki. Wasu sandunan ma har ma'aunin nauyi ake sa musu a mariƙi ko a gindi, su faɗi yawan nauyin da mutum ya ɗora musu a kowane taku.

Amfanin wannan ga likita ba kaɗan ba ne. In ya ga mutum ya zuba duk nauyinsa a kan sanda, ya san yana tsoron taka ƙafar da ta mutu, sai ya ƙara masa atisayen da zai sa ya yarda da ita. In ya ga nauyin yana raguwa sati bayan sati, ya san lokaci ya yi da za a sauya masa daga mai ƙafa huɗu zuwa kwagiri. In kuma ya ga da rana ana riƙe sanda amma da tsakar dare ana fita fitsari ba ita, to ya gano lokacin da faɗuwa ke laɓe tun kafin ta auku.

ABIN DA NA'URA TA TONA

Da aka fara ɗaura wa mutane waɗannan na'urori sai asiri ya tonu. A wani bincike da aka yi a Edinbara ta Sikotilan aka buga a 2015, an auna masu wannan ciwo bayan wata 1, da wata 6, da wata 12, aka tarar kimanin kashi 81 cikin 100 na yini da darensu a zaune ko a kwance suke yin shi. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne ko da jikinsu ya yi ƙarfi a cikin shekarar, yawan zaman bai ragu ba. Wasu binciken da aka tattara kuma sun nuna wanda ya daɗe da ciwon yakan yi taku wajen 4,000 ne a rana, kusan rabin na tsaransa mai lafiya. Wato samun sauƙi kaɗai ba ya tayar da mutum daga tabarma, sai an samu mai tayar da shi.

Amma fa kada ki ɗauka na'urar ba ta da nata aibin. Mai shanyewar jiki a hankali yake tafiya yana jan ƙafa, agogon hannu kuwa an yi shi ne don masu kuzari, sai ya tsallake taku da yawa bai ƙirga ba. Wanda ya riƙe ƙarfen hannu biyu hannunsa ba ya lilo, agogon sai ya ɗauka a tsaye yake. Shi ya sa masana suka fi yarda da wadda aka ɗaura a idon sawun ƙafar mai lafiya. A irin gidajenmu kuma, mai agogo in ta yi daka ko tankaɗe, ko aka goya mutum a kabu-kabu a hanya mai gargada, sai na'ura ta rubuta masa tafiyar da bai yi ba. Ga caji, ga tsada, sandunan masu ma'auni ma har yanzu yawancinsu a hannun masu bincike suke, ba kayan kemis ba ne. Hasali ma rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya ce kusan mutum biliyan 1 a duniya ba su samun kayan taimakon da suke bukata irin su tabarau da keken guragu da abin ji, to ina ga sanda mai kwamfuta?

Babban gibinta kuwa shi ne ta san an ajiye sanda amma ba ta san dalili ba. Ba ta san mariƙin yana ci wa Inna tafin hannu ba, ba ta san kishiya ta yi mata dariya ba, ba ta san Baba ya yi rantsuwa ba zai shiga masallaci da sandar tsofaffi ba. Wannan sai ɗan gida, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

IDO BA MUDU BA, YA SAN KIMA

Ga wani labari da zai ƙarfafa miki gwiwa. A 2004 wata mai bincike, Julie Bernhardt, da abokan aikinta a birnin Melbon na Ostireliya sun so su san yadda masu wannan ciwo ke yini a asibiti. Ba na'ura suka ɗaura wa kowa ba, mutane suka sa da takarda da biro suna leƙa marasa lafiya duk bayan minti 10 daga safe zuwa yamma, suna rubuta abin da suka gani. Da haka suka gano fiye da rabin yinin a kan gado ake yin sa, kuma mafi yawan lokaci mara lafiya shi kaɗai yake. Binciken ya yi suna a duniya, alhali kayan aikinsa duk suna cikin jakar makarantarki.

To ga yadda za ki yi. Ki samu littafin rubutu sabo ki ware shi don wannan aiki, ki ja layi gida biyar: rana, lokaci, inda ya je, abin da ya dogara da shi, sai tuntuɓe ko faɗuwa. Ba sai kin tsare shi yini guda ba, ki ɗaura abin a kan lokutan salla biyar tunda dama a nan ake tashi alwala. A gidan abin dogaro ki rubuta gaskiya, sanda ce, bango ne, kafaɗar mutum ce, ko ba komai. Lokacin da kike makaranta ki bar wa ƙanenki ko matar yayanki gwangwanin madara da tsakuwa, duk zuwa ɗaya daga ɗaki zuwa zaure a jefa tsakuwa ɗaya, in kin dawo ki ƙirga ki rubuta.

Duk ranar Juma'a ki auna tafiya guda da agogon waya, daga ƙofar ɗaki zuwa bakin zaure, wuri ɗaya kullum, ki rubuta daƙiƙa nawa ya ɗauka. Sauƙin wannan ciwo a hankali yake zuwa har mai shi ba ya gani, amma ranar da kika nuna masa cewa tafiyar da ya yi a minti 3 watan jiya yau a minti 2 ya yi ta, wallahi sai kin ga fuskarsa ta canza. In ya yarda, ki ɗauki bidiyon tafiyarsa na minti ɗaya a nuna wa likita. Sannan ki riƙa juya sandar kina duba robar gindinta, domin ita ma ba ta ƙarya. Robar da ta yi wata biyu tana nan sabuwa fil, sandarta ba ta zuwa ko'ina. Wadda ta cinye ta yi sulɓi kuma a canza ta da wuri kafin ta zame da shi.

Ranar asibiti sai ki miƙa wa likita littafin cikin ladabi. Kin ga ba ki ƙaryata kowa ba, ba ki ɗaga murya a gaban manya ba, takarda ce ta yi magana.

RIƘON SANDA DA GYARAN GIDA

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba mutum sanda a hannun da ya mutu wai don nan ne ke bukatar taimako. A hannu mai lafiya ake riƙe ta. Tsawonta kuma, in ya tsaya ya saki hannu, mariƙin ya zo daidai wuyan hannunsa, yadda in ya kama gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Wajen tafiya sanda ce gaba, sai ƙafar da ta mutu, sai mai lafiya ta biyo. Wajen hawa dokin ƙofa ko dakali mai lafiya ce ke fara hawa, wajen sauka kuma sanda da mara lafiyar su ke fara sauka. Ke mai taimako ki tsaya ta ɓarin da ya mutu, ɗan baya kaɗan, ki riƙe shi ta ƙugu. Kada ki kuskura ki ja shi ta hannun da ya saki, kafaɗar kan goce ta bar shi da ciwon da zai hana shi barci.

Sai ki bi hanyar da yake bi da idon mai neman laifi. Tabarmar da bakinta ya naɗe, igiyar akuya, turmi da taɓarya a tsakar hanya, santsin bakin rariya, duk a kawar. Silifas ba abokin tafiyarsa ba ne, a samo takalmi mai maɗauri a dunduniya. A ajiye tocila da sandar a inda hannunsa mai lafiya zai kai da dare. Tsugunno a masai yana da wuya gare shi, kafinta zai iya huda kujera a ɗora a kai, mai walda kuma ya kafa ƙarfen dafawa a bango. A lokacin bazara da zafin ƙasar Sakkwato kan haura 40 a ma'auni, a yi atisayen da sanyin safiya da bayan la'asar, kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi a yi mai yawa sau ɗaya. In ya ji jiri ko ciwon ƙirji ko numfashi ya ɗauke, a zaunar da shi a nemi likita. Ranar da ciwon ya faru kuwa ba a gaggawar tayar da mutum, likita ne zai faɗi lokacin farawa.

A kula da ruwan zafi da garwashi, domin ɓarin da ya mutu sau da yawa ba ya jin zafi, sai ya ƙone mai shi bai sani ba. Maganin hawan jini kuma ba a ajiye shi don an ji sauƙi, ciwon yana dawowa, na biyun kuma sau da yawa yakan fi na farko muni. Ana iya zuwa awon jini a asibitin Tambuwal ko na Kebbe ko ƙaramin asibitin da ya fi kusa, ba sai an je birni ba. Ke mai riƙe da ludayin miya ki rage gishiri da dunƙule, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi guda, ki yawaita zogale da rama da alayyafo.

MAGANA DA MANYA

Duk wannan mai sauƙi ne a kan shawo kan mai ciwon. Dattijon da jiya shi ke noma gonarsa ya ciyar da mutum ashirin, yau a ce 'yar cikinsa ce za ta ce masa tashi, zauna, dole abin ya yi masa ɗaci. Za ki ji ya ce, "Ke bari, mi za ni yi da sanda, ni ba makaho ba?" Inna kuma ta ce ita ba za ta shiga gidan suna tana dogarawa a yi da ita ba. Wani ma ba taurin kai ba ne, ciwon ne kan zo da baƙin ciki da saurin kuka da fushi, in ya yi yawa shi ma a gaya wa likita don yana da magani.

Saboda haka ki zama mai lura da sanda, kada ki zama 'yar sanda. Littafin nan ki gaya masa kina rubutawa kuma ki karanta masa, domin ko Turawan da ke ɗaura na'ura sai sun nemi yardar mai jiki tukuna. Maimakon "Baba tashi ka yi atisaye," ki ce, "Baba, zo ka duba mini tumakin nan, kamar ɗaya ba ta cin abinci." Maimakon ki kai wa Inna komai har shimfiɗa, ki ce, "Inna, taso ki ɗanɗana mini miyar nan, hannuna bai kai naki ba." Tausayin da zai sa a yi wa mutum komai yana kwance, a ƙarshe shi ke ɗaure shi a ɗaki. Ki tuna masa sarakuna da malamai da limamai duk da sanda aka san su, ba wanda ya ce sun gaza.

Ku kuma iyaye da yayye maza, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba daidai ba ne a cire yarinya daga makaranta a ce ita ce mai jinya alhali gida cike yake da mutane. A raba kwanaki, samari su ɗauki kai Baba makewayi da rakiyar masallaci, wanda dama ya fi masa sutura. Ke kuma 'yar uwa mai saurayi, ga ma'auni kyauta na ba ki. Wanda ya ji mahaifinki na kwance ya zo da turare da hoda ya tsaya a waje yana duba agogo, da wanda ya tambayi tsawon Baba ya je ya samo sanda mai sabuwar roba, ya zauna ya taya shi hira, ai ba sai na gaya miki wanda zai riƙe ki ranar da ƙafarki ta gaza ba.

Wata rana waɗannan na'urori za su yi araha su iso garuruwanmu kamar yadda waya ta iso, likita yana Sakkwato ya ga takun mara lafiyarsa a Kebbe. Kafin ranar, yau ɗin nan ki je bayan ƙofa ki sauke hular nan, ki goge sandar, ki ajiye ta kusa da hannunsa mai lafiya, ki buɗe shafin farko ki rubuta kwanan wata. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri.